Motar da Ba Ta da Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya na yi
a kishingiɗe cikin mota mai siffar zanzaro,
ƙugu siriri, tayoyi huɗu tsirara a waje,
kaina a fili, iska na marin hular kwanona.
A can gogayya haramun ce.
Taya ta shafi taya, sai sama,
sai mai sauran kwana.
Haka aka raine ni tun daga Kuritiba:
ka bar wa abokin karawa tazarar tafin hannu,
ka wuce shi kamar ba ka san shi ba.

Kwantiragi ya ƙare wata Talata.
Ba wanda ya ɗaga murya.
Suka ba ni hannu, suka ba wani yaro kujerata,
ɗan sha tara, ubansa na da kamfanin siminti.

Ga ni a Karolina ta Arewa,
a garejin da ke warin baƙin mai da gasasshen nama.
Delbert Hoyle, babban bakanike,
ya tofar da ɓawon gyaɗa ya nuna mini ita:
ƙatuwa, mai rufi, an lulluɓe ta da tallan garin sabulu.
Na lalubi mariƙin ƙofa, babu.
Yaran gareji suka juya baya, kafaɗunsu na rawa.
"Ta taga ake shiga, Tadeu," in ji shi,
"kamar ɓarawo."
Fitilun ma hoto ne aka liƙa mata.

Giwa a garin wani zomo ce.
Na taka birki inda ƙafata ta saba,
ta yi kunnen uwar shegu da ni,
ta ja ni kamar saniyar da ta hango rafi
har sai da muka gaisa da bango.
Sau uku a wata guda.
Delbert bai yi faɗa ba,
guduma kawai ya ɗauka.

Hagu, hagu, hagu kuma.
Mahaifiyata ta bugo waya tana tambaya
ko sitiyarin ne ya lalace.

A cikin rufin nan zafi ke dafa mutum,
ba na ganin gefena, ba na jin iska a wuya,
sai muryar Marva Tuttle a kunnena,
tana can ƙololuwar rumfar 'yan kallo
da madubin hangen nesa da kofin shayi mai ƙanƙara:
"Akwai a waje. Yana nan. Yana nan.
Kar ka motsa. To, shiga."
Ni da ban taɓa aron idon kowa ba,
yau da idon wata kaka nake gudun mil ɗari da tamanin.

Zagaye na casa'in wani ya dunguri bayana.
Jini ya hau mini kai.
Marva ta yi dariya har rediyo ya shaƙe:
"Sallama ya yi maka, ɗana.
Yana cewa ku tafi tare."
Na saki ƙafa, ya manne mini,
muka tsaga iskar biyu kamar masu raba gurasa,
muka wuce mota shida.
A kwanar ƙarshe ya ture ni gefe ya yi gaba.
Wannan ma, wai, cikin gaisuwar ne.

Na zo na ashirin da uku.
Na fito ta taga, gwiwoyina na kaɗawa,
na ga baƙin da'irar tayar wani
a jikin ƙofar da ba ƙofa ba.
Na ɗauko tsumma zan goge.
Delbert ya riƙe mini hannu,
ya zuba mini gyaɗa a tafi.
"Bar shi zuwa Litinin," ya ce,
"yaran ba su gani ba tukuna."